Giɓin Jirgin Madara

Ni ne na ɗauki wasan da makaɗan Muskrat Ferry suka yi a filin bajekolin shanu na Harlow Falls, a kakar 1978. Duk wanda ya taɓa jin wannan wasa, daga nan jihar Vermont har bakin teku, ta makirufona ya ji shi. Sunana Orrin Tebbetts. Yankan katako na yi har na ajiye aiki. Yatsuna tara ne, zarto ya ci ɗaya.

Ferry ba sa buga waƙa iri ɗaya sau biyu. Sai su ɗauko 'yar waƙar da ba ta fi tsawon shan kofi ɗaya ba, su ja ta, su murɗe ta, su ɓace a cikinta, can da nisa su ɓullo ta wata ƙofa. Shi ya sa muke bin su da rikoda. Abin da ba a ɗauka ba ya tafi ke nan. Mu masu ɗauka muna da dokarmu. Ba a sayar da kaset. Ba a ƙin sauraron kaset ɗin kowa, komai muninsa. Ba a magana yayin da kiɗa ke tafiya. Na taɓa toshe bakin wani mutum da hularsa a tsakiyar wasa. Bai kai ƙara ba, ya san laifinsa.

Kaset fuska biyu gare shi. Idan ɗaya ta ƙare, sai ka buɗe, ka juya, ka rufe, ka danna, makaɗa kuwa ba sa jiranka. A duk yankinmu babu wanda ya kai ni saurin juyawa.

Ran nan suna tsakiyar waƙar da ake kira "Jirgin Madara", jita tana hawa, molo da ganguna biyu suna bin ta a baya, sai fuskar farko ta ƙare. Na juya. Kafin mutum ya ɗaure igiyar takalmi ɗaya na gama. Amma da fuska ta biyu ta fara, kiɗan ya riga ya koma wani wuri daban, da wani taku daban, jama'a kuma suna ihu kamar an ciro yaro da rai daga rijiya. Abin da ya faru a tsakani, ban ji ba, kaina yana cikin rikoda. Sauran da suke wurin, abin da suka sha a ranar bai bar musu komai a ka ba. Mai jitar ya daɗe da mutuwa. Ɗaya daga masu gangar yana raye, an je an tambaye shi, ya ce bai san sun taɓa zuwa Harlow Falls ba.

Wannan ɗan wurin da ya ɓace shi ake kira Giɓi.

Kowace shekara, Lahadin farko ta Oktoba da rana, mukan taru a zauren 'yan kwana-kwana mu saurari wasan. Akan kawo tukunyar wake da ruwan tuffa. Kusa da rikoda akwai kujera ɗaya mai jan matashi. Wanda kaset ɗinsa ya fi na kowa shi ke zama a kanta, shi ke dannawa, shi ke juyawa da hannunsa daidai yadda ya juya a ranar, zauren kuma ya yi tsit har ya gama. Shekara arba'in da ɗoriya babu wanda ya zauna a kujerar nan sai ni. Matashin ya san siffata.

Bayan an gama saurare sai a yi sharhi. Marnie Pelkey ce ke jan ragamar taro. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita ke tattara abin da aka ce ta saka a intanet, inda wasu dubbai da ba su taɓa taka Vermont ba suke zagin juna a kai. Bara ma haka aka fara.

"Bana Giɓin ya fi na bara baƙin ciki," in ji Clement Roy. Clement abokina ne tun muna samari, mai raba wasiƙu ne a da. A hannunsa na dama ya yi jarfar Giɓin: da'ira ce kawai, ba komai a ciki.

"Baƙin ciki kuma?" in ji Marnie. "Kunnenka ya tsufa, Clem. Mai ganga dai ya yi gaggawa, wannan kam kowa ya ji."

"Wane mai gangar? Su biyu ne fa."

"Na hagu mana. Kullum shi ne."

"Ke dai tun da ya ƙi kulawa da ke a Albany kike jin gaggawarsa."

"Shi ya ƙi kulawa da ni? Da hannuna na ɗinke masa gira, yana kuka yana kiran uwarsa. Makin da na bayar bana tauraro huɗu da rabi ne cikin biyar, na cire rabin saboda shi."

Ni ba na sa baki, ba na ba da tauraro. Duk lokacin da suke yabon Giɓi, na ɗauka hannuna suke yabo. Giɓi ne ƙarami, mai tsabta, babu karce, babu ƙarar murfi. Ba kowa ke iya yin irinsa ba.

Ana cikin haka wani mutum ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Gajere ne mai tumbi, riƙe da ledar burodi. Ya ce sunansa Delbert Quimby, mai gyaran famfo ne daga ƙetaren tafki. Mahaifiyarsa ta rasu, yana kwashe firjinta, sai ya tarar da wannan a ƙarƙashin wani naman barewa da ya girmi wasu a zauren. Ya zaro kaset daga ledar.

"Nima na ɗauki wasan nan," in ji shi. "Na manta ne kawai."

Cokula suka tsaya a iska. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi. Idan mutum biyu suka ɗauki wasa ɗaya, kaset ɗin ɗaya yakan cike inda na ɗayan ya yanke. Idan na Delbert ya cike Giɓi, to shi ne cikakke, nawa ya koma na biyu, kujerar kuma ta tafi.

Clement ya ja hannun rigarsa ya rufe jarfar.

"Mista Quimby," in ji Marnie, "ka ci abinci kuwa? Zauna ka ci wake. Kawo kaset ɗin in riƙe maka."

"Kusa da tukunya za ta riƙe maka shi," in ji wani daga baya. "Kusa sosai."

"Rabin rayuwata ina rubutu a kan abin nan," in ji Marnie. Ba da Delbert take ba yanzu, da zauren take. "Idan muka saka muka ji mai jitar yana gyaran waya ne kawai fa? Idan atishawa ya yi?"

"Ƙanwata a kan Giɓi aka ɗaura mata aure," in ji wata mata. "Shi suka sa a coci."

Duk suka juyo suna kallona. Sun san in na ce a'a, shi ke nan, mai famfo zai ci wake ya koma ƙetare.

Na ce, "Doka doka ce. A saka."

Na tashi na ba shi wuri a gaban rikoda, amma ban ba shi kujerar ba. A tsaye ya danna.

Kaset ɗin ba shi da kyau. Da jin farkonsa na san inda ya tsaya a ranar: can baya, jikin rumfar mai gasa masara. Jitar tana zuwa kamar daga gidan maƙwabci. A kan kowace waƙa kana jin wata mata tana tambayar mutane, gishiri ko man shanu. Wani wuri saniya ta yi kuka, ta fi mai waƙar fitowa. A wata rana da an yi masa dariya har ya gudu. Ran nan babu wanda ya yi ko murmushi. Aka shiga "Jirgin Madara". Jitar ta fara hawa. Marnie ta kama hannun wanda ke kusa da ita, ba ta ma duba ko wane ne ba. Clement ya rufe ido. Ni na kafa idona a kan matashin.

Jitar ta kai wurin. Sai rikoda ta yi ƙwas, ta tsaya.

A kan sauti ɗaya da nawa ta tsaya, ko gashi bai shiga tsakani ba.

Na tambayi Delbert, "Ina ka sayi kaset ɗin?"

"A shagon ƙusa na bakin gada, da safen ranar."

Nima a nan na sayi nawa. Shago ɗaya ne a garin, kaset iri ɗaya yake sayarwa.

"Yaushe ka danna?"

"Da mai jitar ya cire hularsa."

Nima haka. Kowane mai hankali a nan zai danna.

Zauren ya fashe da dariya. Clement ya naɗe hannun rigarsa ya sumbaci da'irar. Matar nan ta ce bari ta kira ƙanwarta ta gaya mata aurenta yana nan. Aka zuba wa Delbert ruwan tuffa, ana bubbuga masa baya. Na nufi kujerata.

"Tsaya, Orrin," in ji Marnie. "Ba a bar kaset a rabi. Juya mana, Mista Quimby, mu ji ƙarshe."

"Kawai in juya?"

"Yadda ka juya a ranar. Haka muke yi a nan."

Ya sosa ƙeya. "To ai a ranar ina riƙe da masara. Da man shanu."

Babu masara a zauren. Aka samo man shanu a kicin, aka shafe wata doguwar tocila ta 'yan kwana-kwana da shi, aka ba shi ya riƙe a hannun dama. Ya ce a ƙara man. Aka ƙara.

Abin da na gani bayan nan, ban taɓa ganin ƙazamin aiki irinsa ba. Ya buɗe murfin da gwiwar hannu. Ya canja tocilar zuwa hagu, ya kama kaset ɗin da yatsun da suka sha mai, kaset ɗin ya sulluɓe ya shige ƙarƙashin tebur. Ya durƙusa yana nishi, ya ciro shi, ya hura, ya goge a wando. Ya mayar da shi a fuskar da ya fito. Ya gane, ya ciro. Zaren kaset ɗin ya zazzago, ya tsaya lalube a aljihu yana neman biro ya naɗe shi. A tsakiyar haka ya kai tocilar baki ya gatsa, ya ce haka ya yi a ranar. Duk wannan lokaci zauren shiru, kamar yadda aka saba.

Da ƙyar ya rufe, ya danna. Abin da ya fito: bugun ganga na ƙarshe, da tafi, da matar nan tana tambaya gishiri ko man shanu.

Na jira dariya. Ba ta zo ba. Na waiwaya, sai na ga hawaye a fuskar Marnie.

"Kun ji?" in ji ta a hankali. "Kun ji inda suka je?"

"Ban san suna da wannan a cikinsu ba," in ji Clement.

"Mai gangar hagu ma ya nutsu. Na janye abin da na ce a kansa."

"Can tsakiya, lokacin da yake neman biro, ni dai na ga babana," in ji Clement.

"Tauraro biyar," in ji wani. "Da ana ba da shida da na ba da."

Na ce, "Me kuka ji? Mutum ya ɓarar da rabin waƙa saboda masara."

"Ba wanda ya raina Giɓinka, Orrin," in ji Marnie. "Naka ya yi mana hidima. Amma ka duba da kanka. Nasa ya ƙunshi naka gaba ɗaya, ya kuma ƙara da wani mai yawa."

"Abin da ya ƙara yana cikin kaset ɗina. Kiɗan yana nan. Yanzu kuka gama jin sa."

"Ai matsalar ke nan. Mun ji shi."

"Gaskiya, tsoho," in ji Clement, bai kalle ni ba, "wurin nan bayan Giɓi, dama ban taɓa son sa sosai ba. Mai molon yana yawo. A na Delbert kuwa, wurin ya fita ƙwarai."

"A na Delbert babu wurin."

"To ka gani."

Marnie ta ce a ci abinci, bayan nan a ɗaga hannu a zaɓi kaset ɗin da za a riƙa sakawa. Na ɗauki nawa na shiga kicin. Ban daɗe ba Clement ya biyo ni, ya rufe ƙofa. A hannunsa akwai 'yar ƙaramar rikodarsa da guntun salatif.

"Kada ka ce komai, saurara," in ji shi. "Ka manne ramin bayan kaset ɗin da ke hana a shafe shi, ka saka fuska ta biyu, ka danna jan maɓallin ɗauka. Ka shafe har ƙarshen waƙar, ka haɗa da tafin. Nasa yana da tafi, naka ba zai samu ba. Ka fi shi ke nan. Ni zan tsaya a ƙofa."

"Kwafinsa ya cika duniya, Clem."

"Kwafi kwafi ne. Na asali shi ne hujja. Sai mu ce masu kwafin ne suka yi ƙari."

"Za su yarda?"

"Orrin, mutanen da suka shafa wa tocila man shanu?"

Ya manne ramin da kansa, ya saka kaset ɗin, ya tura mini rikodar. Na ɗora yatsa a kan jan maɓallin. Ba zan ce ban so kujerar ba. Daga kanta kana ganin fuskar kowa, kuma babu wanda ke taɓa cokali sai ka danna.

Amma na san abin da ke ƙarƙashin yatsan nan. Bayan ihun jama'a, jitar takan sauka ƙasa ta yi kamar za ta mutu, sai mai molon ya shigo ta ƙarƙashinta ya tallafe ta, gangunan biyu su rabu, ɗaya gaba ɗaya baya, su daɗe a haka kafin su haɗu. Ba yawo yake ba. A rana na tsaya na ɗauko shi, da sandar makirufo sama da kaina, har kafaɗata ta mutu.

Na ciro kaset ɗin na ɓare salatif ɗin na manna wa Clement a riga.

"Ba shiru na je ɗaukowa ba," na ce masa.

Aka ɗaga hannu. Duk zauren na Delbert ne. Clement ma ya ɗaga, da hannun mai jarfar, yana kallon silin. Delbert ya ce shi fa ba ya son rigima, ya zo ne kawai ya ji ko kaset ɗin yana aiki. Aka zaunar da shi a kan jan matashin. Ni na koma benci na bakin ƙofa, inda ake ajiye riguna.

Marnie ta ce a sake saka "Jirgin Madara" daga farko, yanzu a hukumance. Aka sake shafe tocilar. Jitar ta hau, rikoda ta yi ƙwas, Delbert ya kai gwiwar hannu ga murfin, zauren ya yi tsit.

Nima na yi shiru. Na yi shiru daidai tsawon nawa Giɓin, don wannan kam ya ɓace da gaske, ya cancanci a yi masa shiru. Da lokacin ya cika, sai na buɗe baki.

Ban iya waƙa ba, matata marigayiya ta hana ni yi ko a banɗaki. Na yi jitar da baki. Na yi molon da maƙogwaro. Gangunan na buga su a kan benci da yatsuna tara, na raba su, ɗaya gaba ɗaya baya, yadda suke a kaset.

"Orrin," in ji Marnie cikin raɗa. "Doka."

Na ci gaba.

"Kai ka kafa ta fa."

Na shiga wurin da jitar ke sauka. Delbert yana ƙarƙashin tebur yana lalube, ya leƙo ya ce ko ya tsaya ne. Aka ce masa ya ci gaba da aikinsa. Mutane suka toshe kunnuwa, amma muryata ta mai yankan katako ce, an gina ta don ta fi zarto. Sai na ga Clement ya taso. Ya zo ya tsaya a gabana, ya cire hulata daga kaina, ya dube ta, ya dube ni.

"Ka yi haƙuri, tsoho," in ji shi, ya cusa mini ita a baki.

Daidai ya yi. Ban ture shi ba. Na tattara numfashi na ci gaba ta hanci, har na kai bugun ƙarshe. Ni da kaset ɗin Delbert tare muka sauka a kansa.

Ashe wayar Marnie tana ɗaukar taron, don mutanen nan ba abin da ba sa ɗauka. Kafin mako ya zagayo abin ya hau intanet. Ni ba na shiga can, Clement ne ya zo gida ya karanta mini, bayan ya nuna mini sabuwar jarfarsa. Ya sa an faɗaɗa da'irar har ta kusa zagaye hannun. Wani daga Oregon ya ba ni tauraro biyu, ya ce jitata tana jan ƙafa. Wata ta ce gangata ta hagu tana gaggawa. Amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: ɗan lokacin nan tsakanin shigar hula da fitowar sauti ta hanci, inda ba a jin komai. Sun sa masa suna Ƙaramin Giɓi. Tauraro biyar.

Na ce wa Clement ya kashe wayar ya sha kofinsa.

Kujerar tana wurin Delbert. An ce matashin duk ya yi maiƙo. Marnie ta aiko cewa bana ana maraba da ni wurin wake, amma idan aka zo "Jirgin Madara" sai in fita waje. Na amince. Na je na duba zauren ranar Talata. Tagar da ke bayan rikoda ba ta rufuwa sosai, kuma zan zo ba hula.